Tambaya da Amsa: Kwamfutar da Ke Yi wa Likita Jagora a Tiyatar Ƙwaƙwalwa, Tana Kuskure Kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamin sakandare ne a unguwar Jekadafari, cikin garin Gombe. Yayana ya daɗe yana fama da ciwon kai, daga baya ya fara faɗuwa kamar mai farfaɗiya, har hannunsa na dama ya yi nauyi. Da aka yi masa hoton MRI sai aka ce akwai ƙari a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, kuma sai an yi aiki. Wani mai haɗa marasa lafiya da asibitocin ƙasashen waje ya same mu, ya ce idan muka kai shi can, kwamfuta ce za ta ja hannun likita har wurin ƙarin, kamar yadda taswirar waya ke kai direba ƙofar gida, kuma ba ta kuskure ko da na tsinin allura. Kuɗin da ya faɗa ba za su haɗu ba sai mun sayar da gonarmu ta gado da ke kan hanyar Dukku. Don Allah, wannan magana gaskiya ce?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Na'urar da mutumin ya ba ku labari akwai ta, kuma a manyan asibitocin duniya ta zama kayan aikin yau da kullum a ɗakin tiyatar ƙwaƙwalwa. Sai dai ya yi muku ƙarin gishiri a wurare biyu. Na'urar ba ta jan hannun kowa, domin likita ne ke yanka kuma shi ne ke yanke shawarar inda zai tsaya, ita kuwa nuni kawai take yi a kan allo. Sannan tana kuskure, kuma masana sun daɗe da auna kuskuren nata, sun san girmansa da sababinsa da lokacin da yake ƙaruwa.

Ba za a gane inda kuskuren ke shigowa ba sai an san yadda take aiki. Kafin ranar tiyata, ko da safiyarta, akan ɗauki hoton kan majiyyaci da MRI ko CT, falle-falle, kowane falle kaurinsa kamar milimita 1, wato tazarar da ke tsakanin ƙananan layuka biyu a jikin rular 'yan makaranta. Kwamfuta takan jera fallayen nan ta gina siffar kan gaba ɗaya, da fata da ƙashi da ƙwaƙwalwa da ƙarin da ke ciki. A ɗakin tiyata, bayan an sa majiyyaci barci, sai a kama kansa da wani maƙalin ƙarfe mai haƙora uku da ke riƙe ƙoƙon kai don kada ya motsa. A jikin maƙalin akan kafa wani ɗan reshe mai ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli, a can gefe kuma a tsayar da kyamara mai ido biyu, wadda ke fitar da hasken da idon mutum ba ya gani, tana lura da yadda ƙwallayen ke mayar da shi. Likita yana riƙe da wani tsinken ƙarfe mai tsawon alƙalami, shi ma da nasa ƙwallayen a gindi, kuma daga matsayinsu kwamfuta ke lissafa inda bakin tsinken yake.

Saura a sanar da ita cewa kan da ke kwance a gadon tiyata shi ne kan da ke cikin hoto, kuma wannan mataki shi ake kira daidaitawa. Wasu asibitoci sukan manna 'yan alamomi a fatar kai kafin a ɗauki hoton, daga baya likita ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya da tsinken. Wasu kuma sukan bi da tsinken, ko da hasken lesa, a kan goshi da karan hanci da kewayen idanu, har kwamfuta ta gane fuskar. Daga nan duk inda likita ya ɗora tsinken sai wurin ya bayyana a allo ta fuska uku, daga sama da gaba da gefe. Abin da nake so ka riƙe a nan, Malam, shi ne na'urar ba ta ganin cikin kan ko kaɗan. Ƙwallaye take gani. Abin da ke kan allo hoton jiya ne ko na safe, ita kuma tana ɗora masa alama bisa zaton babu abin da ya sauya tun daga lokacin.

Dabarar kai wa wani wuri a ƙwaƙwalwa ta hanyar lissafi ba ta yau ba ce. A 1908 Victor Horsley da Robert Clarke suka ƙera wani firam na ƙarfe da ake ɗaurawa a kewayen kai, a Ingila, domin gwaji a kan dabbobi, a 1947 Spiegel da Wycis suka yi amfani da irinsa a kan ɗan Adam a Amurka, sannan Lars Leksell na Suwidin ya fito da nasa a 1949, wanda har yau ake aiki da ire-irensa. Na'urorin da ba sa buƙatar firam sun zo ne bayan samuwar CT da MRI, ta hannun David Roberts a Amurka a 1986 da Eiju Watanabe a Japan a 1987. Yau Medtronic da Brainlab suna cikin manyan kamfanonin da ke ƙera su.

To, kuskuren nata ya kai nawa? Idan aka gwada kyamarar ita kaɗai a ɗakin gwaji, a kan abin da ba ya motsi, kuskurenta bai kai milimita 1 ba, kuma wannan adadi ne ake bugawa a takardun talla, shi ne kuma dillalai ke yawo da shi a baki. Amma majiyyaci ba abin gwaji ba ne. Hoton kansa yakan zo da nasa naƙasun, idan ya motsa lokacin ɗauka, ko aka yi fallayen da kauri, ko maganaɗisun MRI ya ɗan karkatar da siffar. Fatar kai tana zamewa a kan ƙashi, don haka alamar da aka manna mata lokacin da mutum ke kwance rigingine a cikin na'urar hoto ba lallai ta tsaya a wurinta ba idan aka juya shi kuiɓi ko rub-da-ciki, haƙoran maƙali kuma suka ja fatar. Idan aka tara waɗannan duka, abin da akasarin bincike ya samu a kan mutane na gaske shi ne tsakanin milimita 2 zuwa 5, tun kafin a sa wuƙa. Firam na ƙarfe da alamomin da ake ɗaurawa a ƙashi da kusoshi sun fi wannan daidai, sukan tsaya a milimita 1 zuwa 2, shi ya sa ake komawa gare su a aikin da ba ya ɗaukar gocewa, kamar dasa waya a can cikin ƙwaƙwalwar masu cutar Parkinson. Wani bincike da aka yi a Suwizalan, aka buga a 2013, ya nuna cewa ko shimfiɗa zannuwan tiyata a kan majiyyaci yana rage daidaiton, kuma yana ci gaba da raguwa gwargwadon daɗewar aikin, ba tare da na'urar ta yi wa kowa gargaɗi ba.

Duk wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta shi da abin da ke faruwa bayan an buɗe ƙoƙon kai. Ƙwaƙwalwa taushinta kamar na awara ne kafin a soya ta, kuma tana zaune ne a cikin ruwa, kimanin mililita 150 a jikin baligi, wanda ke tallafe da ita ta ciki da waje. Da zarar an ɗaga ƙashi an tsaga tantanin da ya lulluɓe ta, ruwan nan yakan fara tsiyayewa, ita kuma ta sulale ta zauna ta ɓangaren da nauyinta ya rinjaya. Ruwan mannitol da akan ƙara wa majiyyaci ta jijiya domin rage matsi yakan sa ta ƙara tsukewa. A wani majiyyacin kuma akasin haka ke faruwa, ta kumbura ta turo kai ta wurin da aka buɗe. Sannan da likita ya fara kwashe ƙarin, ramin da ya bari yakan rufta, naman da ke kewaye ya matso ciki. An auna wannan gocewa sau da dama: saman ƙwaƙwalwa yakan goce da santimita 1, an kuma ga inda ya wuce santimita 2, ko da yake sassan da ke can ƙasa kusa da gindin ƙoƙo ba sa motsi haka. Duk wannan yana faruwa alhali hoton da ke kan allo yana nan yadda yake, yana nuna ƙarin cikakke a wurin da rabinsa ya riga ya fita.

Wannan ne ya sa na'urar ta fi daidai a farkon aiki, ta fi rauni a ƙarshensa. A farko tana taimaka wa likita ya zaɓi inda zai tsaga fata, ya buɗe ƙashi daidai saman ƙarin ba tare da ya faɗaɗa fiye da kima ba, ya kauce wa manyan jijiyoyin jini, ya kuma samo ƙaramin ƙari da ya ɓuya a ƙarƙashin lafiyayyen nama. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, kuma a aikin ɗebo ɗan yanki don gwaji ta ƙaramar huda, inda ruwa kaɗan ke fita, ita ce kusan komai. Amma a lokacin da likita ya iso bakin iyaka, yana tambayar kansa ko abin da ke gabansa ragowar ƙari ne ko kuwa wurin da ke motsa hannu, a nan ne hoton ya fi tsufa. Lamarin Yaya ya shafi wannan kai tsaye, domin nauyin hannun dama yana nuna ƙarin yana kusa da wurin da ke sarrafa motsi, kuma a mafi yawan mutane cibiyoyin magana ma a ɓangaren hagu suke. A irin wannan wuri milimita 5 na iya zama bambanci tsakanin mutum ya tashi yana magana da ya tashi harshe ya karye.

Likitoci ba su zauna sun zuba wa matsalar ido ba. Hanya mafi sauƙi ita ce sabunta hoton ana cikin aiki da na'urar sikanin irin wadda ake duba masu juna biyu, a ɗora kanta a kan ƙwaƙwalwa a ga inda ƙarin yake a wannan lokaci. Mafi tsada ita ce MRI a cikin ɗakin tiyata, wadda aka fara a Boston a tsakiyar shekarun 1990. A wani gwaji da aka yi a Frankfurt ta Jamus, aka buga a 2011, an cire duk abin da hoto ke nunawa na ƙari a kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki da ita, a kan kashi 68 na waɗanda aka yi wa ba da ita ba. Akwai kuma maganin 5-ALA da majiyyaci ke sha 'yan sa'o'i kafin aiki, wanda ke sa wasu nau'o'in mugun ƙari su yi haske ja-ja a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, kuma gwajin da aka buga a 2006 ya nuna an cire duk abin da hoto ke nunawa na ƙari a kashi 65 cikin 100 na waɗanda suka sha shi, a kan kashi 36 na waɗanda ba su sha ba. Ita kuwa na'urar jagora ita kaɗai, da aka gwada ta a Holan a kan majiyyata 45, sakamakon da aka buga a 2006 bai nuna ta rage ragowar ƙarin da ake bari ba. Gwajin ƙarami ne, kuma na'urori sun inganta tun daga lokacin, amma ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan da mai cewa kwamfuta ta gama magana.

Inda ake tsoron taɓa magana ko motsi, abin da likitoci suka fi amincewa da shi shi ne tambayar ƙwaƙwalwar kanta. Akan taɓa samanta da ɗan ƙaramin lantarki a ga wace tsoka ce ta amsa, wani lokaci kuma a farkar da majiyyaci ana cikin aiki, tunda naman ƙwaƙwalwa ba ya jin zafi, a sa shi ya yi ƙirga ko ya faɗi sunayen abubuwan da ake nuna masa a hoto. Idan aka taɓa wuri maganarsa ta tsaya, an san nan ba wurin yanka ba ne, ko da allo ya ce ƙari ne. A nan akwai abin da masu shirin fita waje ba su cika tunawa da shi ba: wannan gwaji yana buƙatar wanda ke jin harshen majiyyaci sosai, har ya gane ya yi tuntuɓen harshe ko ya musanya kalma. Idan Yaya Hausa ko Fulatanci ya fi sakewa da shi, dole a tambayi asibitin wa zai tsaya masa a wannan lokaci.

Ban ce kada ku fita waje ba, domin akwai ƙarin da ya cancanci a neme masa duk kayan aikin da na ambata. Amma akwai kuma nau'in da ke tsirowa daga tantanin ƙwaƙwalwa, mai iyaka a fili da ido ke gani, wanda ƙwararren likita ke cirewa lafiya ko babu na'urar jagora. Wanda zai bambance muku waɗannan likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne da ya ga hoton da idonsa, ba mai jiran la'ada ba. Gaskiya ne irin waɗannan likitoci sun yi ƙaranci a Najeriya, ba su kai ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya ba, amma ana wannan aiki a ƙasar nan tun 1962 da Farfesa Latunde Odeku ya fara shi a Ibadan, kuma a Arewa akwai cibiyar da aka daɗe da sani a asibitin koyarwa na Sakkwato. Ku karɓi hoton a faifai, ba takardar rahoto kaɗai ba, ku fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe domin a duba shi ko a tura ku inda ya dace. Duk likitan da zai yi aikin, a gida ko a waje, ku tambaye shi wane nau'in ƙari yake zato, sau nawa yake yin irin wannan aiki, da me zai kare hannu da magana, kuma me zai dogara da shi bayan ƙwaƙwalwa ta goce daga hoto. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya ta ƙarshe. Ku kuma lissafa kuɗin bayan tiyata tun yanzu, domin wasu nau'o'in suna buƙatar a gasa ƙarin da haske na musamman, da magani da sake hoto na watanni, kuma iyalin da suka ƙarar da gona a kan aikin kwana ɗaya sukan rasa na ci gaba. Kafin nan, Yaya ya riƙa shan maganin farfaɗiyarsa a kan lokaci, ya daina tuƙi da hawa babur, kuma idan ya fara amai ko yawan barci ko ruɗewa, a kai shi asibiti nan take.

TAMBAYA: Likita, ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya a Bauchi, kuma ina sha'awar aikin ɗakin tiyata. Na ga a wani darasi cewa bayan an gama daidaitawa na'urar takan nuna lamba, misali milimita 1.2. Wannan yana nufin kuskurenta a wurin ƙarin bai wuce haka ba?

AMSA: A'a, 'yata, kuma wannan ruɗani ya kama har wasu likitoci. Lambar tana faɗin yadda wuraren da aka taɓa a fata suka dace da takwarorinsu a cikin hoto ne kawai, ba ta ce komai ba game da wurin da ake son isa a can ciki. Idan duk alamomin suka zame tare zuwa gefe ɗaya, za su dace da juna sarai, lambar ta fito ƙarama, alhali kan gaba ɗaya ya karkace a lissafi. Michael Fitzpatrick na Jami'ar Vanderbilt a Amurka ya nuna a 2009 cewa ƙanƙantar wannan lamba a wani aiki ba ta nuna ƙanƙantar kuskure a wurin da ake nufa. Kuskuren kuma yana girma gwargwadon nisan wurin daga inda aka yi daidaitawar, shi ya sa idan fuska aka bi da tsinke, ƙarin kuma yana ƙeya, sai an ninka hattara.

Abin da ƙwararru ke yi shi ne gwada na'urar da abin da ido ke gani. Likita ya ɗora tsinken a kan karan hanci, da gefen ido, da gaban kunne, ya duba allo ya ga ko nan ta nuna. Bayan an buɗe fata wasu sukan yi 'yan ƙananan alamomi a kan ƙashi domin su riƙa komawa kansu suna sake gwadawa. Ma'aikaciyar jinya tana da hannu dumu-dumu a nan. Ɗigon jini ɗaya a kan ƙwallo yana iya sauya lissafi, ƙwallon da bai zauna daram a mazauninsa ba haka, tsinken da ya faɗi ya ɗan lanƙwashe haka. Mafi hatsari shi ne a jingina da reshen da ke jikin maƙali, ko a bangaje shi da gwiwar hannu, domin na'urar za ta ɗauka kan ne ya motsa, ta ci gaba da nuni cikin natsuwa a wurin da ba shi ba. Idan hakan ta faru a gabanki, ko ke ce kika taɓa, ki faɗa nan take ba tare da jin nauyi ba. Akwai wani nau'in na'urar da ke amfani da maganaɗisu a maimakon kyamara, wanda ba ya damuwa da a tare masa gani, ana kuma iya amfani da shi ga yaran da ƙoƙon kansu bai yi ƙwarin ɗaukar maƙali ba, sai dai shi kuma wasu ƙarafa da ke kusa suna rikita shi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, daga Kumo nake. Ɗana ɗan wata bakwai kansa yana ta girma, an ce ruwa ne ya taru, za a sa masa robar da ke janye ruwan. Surukata ta ce mu jira har mu sami asibitin da ke da kwamfutar nan. Mu jira?

AMSA: Kada ku jira, Malama, kuma ki isar wa Hajiya da wannan cikin ladabi. A jariri mai irin wannan lalura, ramukan cikin ƙwaƙwalwa da ruwan ya cika sun buɗe sun yi faɗi sosai, don haka isa gare su ba ya buƙatar daidaiton milimita, kuma likitoci sun daɗe suna sa robar ta hanyar awo daga sanannun wurare a jikin ƙoƙon kai. Na'urar jagora tana amfani ne idan ramukan sun tsuke ko sun karkace, wanda likita zai gani a hoto ya faɗa muku. Abin da ke cutar da yaro shi ne ruwan ya ci gaba da danne ƙwaƙwalwa a watannin da take girma, har ya taɓa gani da tafiya da koyo. Matsalolin da suka fi samun robar bayan an sa ta su ne toshewa da shigar ƙwayoyin cuta, saboda haka ku tambayi likita ranakun dawowa, ku kuma koma da shi ba tare da jiran ranar ba idan kuka ga zazzaɓi, ko amai, ko yawan barci, ko maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri.